Tuba, Ridda ko Neman Muƙami? Sharhi a kan Yadda Ake Karanta Sauya Ɗariƙa Tsakanin Masu Asali na Lituwaniya (1553-1669)

1. Gabatarwa

A shekarar 1563 aka kammala buga Littafi Mai Tsarki cikin harshen Polan a garin Brest. Wanda ya ɗauki nauyin aikin shi ne Mikolaj Radziwill, mai laƙabin Baƙi, gwamnan Vilnius kuma wazirin ƙasar Lituwaniya, jagoran mabiya Jean Calvin a wannan ƙasa. Shekara 2 bayan haka ya rasu. Ba a daɗe ba ƴaƴansa maza su 4 suka koma ɗariƙar Katolika ɗaya bayan ɗaya. Guda daga cikinsu, Jerzy, ya zama bishop na Vilnius, sannan kardinal a 1583. Babbansu kuwa, Mikolaj Krzysztof, wanda aka fi sani da laƙabin Maraya, ya ɗauke maɗaba'ar uban daga Brest ya kai ta Vilnius, inda ta koma hannun ƴan Jezuwit.

Wannan labari yana cikin kusan kowane littafi da ya taɓo tarihin addini a gabashin Turai. Abin da ya dame mu a wannan takarda shi ne yadda ake karanta shi. Akwai karatu iri 2 da suka mamaye fagen. Na farko yana ganin tuba a wani ɓangare da ridda a ɗayan. Misalinsa mafi tasiri shi ne littafin ƙagaggen labari na Henryk Sienkiewicz mai suna Potop, wato Ambaliya (1886). Na biyu yana ganin lissafin riba kawai, kuma sau da yawa yana fakewa da sunan littafin masanin tarihi Janusz Tazbir, Państwo bez stosów (1967), wato ƙasar da ba ta ƙona mutane saboda addini. Za mu gwada kowanne da abin da tarihi ya tabbatar, mu ga inda ya tsaya da inda ya gaza.

Tun daga kalmomi ake fara samun cikas. Faransanci yana da conversion da abjuration da apostasie. Hausa tana da tuba da ridda. Kowace daga cikinsu hukunci ce da aka riga aka yanke: mai cewa tuba ya tsaya a ƙofar da mutumin ya shiga, mai cewa ridda ya tsaya a wadda ya fito. Saboda haka muka zaɓi "sauya ɗariƙa", da yake Hausawa Kirista da kansu suna kiran Katolika da Furotesta ɗariƙu. Kalmar "masu asali" kuwa muna nufin ajin da ake kira szlachta, masu haƙƙin mallakar ƙasa da zaɓen sarki, tun daga manyan gidaje masu garuruwa har zuwa mai gona guda da doki guda.

2. Taƙaitaccen tarihi

Ƙasar Lituwaniya ta wancan zamani ta haɗa da Lituwaniya da Belarus na yau, da wani babban yanki na Yukren har zuwa 1569, shekarar da aka ƙulla haɗin Lublin da masarautar Polan. Lituwaniyawa sun karɓi Kiristanci a makare, a 1387, a hannun sarki Jogaila. Mafi yawan talakawan gabas kuwa ƴan Otodoks ne tun da daɗewa. Akwai Yahudawa, akwai kuma Tatar Musulmi da masallatansu. Wato ra'ayin Furotesta ya tarar da ƙasar da ta riga ta saba da bambancin addini.

Radziwill Baƙi ya rungumi koyarwar Calvin a shekarun 1550, ya kafa maɗaba'a a Brest a 1553, kuma Calvin da kansa ya sadaukar masa da wani littafinsa a 1560. Ɗan'uwansa Mikolaj Ja, yayan sarauniya Barbara, ya bi shi, haka ma gidaje da dama, ciki har da waɗanda asalinsu Otodoks ne. A 1563 sarki Sigismund Ogustus ya soke dokar da ta keɓe manyan muƙamai ga ƴan Katolika. A 1573 yarjejeniyar Warso ta tabbatar da zaman lafiya tsakanin masu asali masu bambancin ɗariƙa, aka kuma shigar da wannan ƙa'ida cikin kundin dokokin Lituwaniya na 1588.

A daidai wannan lokaci ne akalar ta fara juyawa. Ƴan Jezuwit sun iso Vilnius a 1569 bisa gayyatar bishop Walerian Protasewicz, suka buɗe kwaleji a 1570, wadda sarki Istifanus Batori ya ɗaga zuwa matsayin jami'a a 1579, da Piotr Skarga a matsayin shugabanta na farko. Daga 1587 zuwa 1632 Sigismund na 3 ya yi mulki, sarki mai tsananin riƙo da Katolika. A 1658 majalisar ƙasa ta kori masu musun Triniti, a 1668 kuma ta haramta fita daga Katolika. Bogusław Radziwill, namiji na ƙarshe a reshen gidan da ya tsaya kan Calvin, ya rasu a 1669.

3. Karatun farko: tuba da ridda

Marubutan Jezuwit na ƙarni na 16 da na 17 sun ɗauki komawar ƴaƴan Baƙi a matsayin dawowar ɓatattu gida, suka riƙa kafa hujja da ita. Daga wannan tushe ne labarin nan ya yaɗu cewa Maraya ya riƙa sayen kofen Littafin Brest da kuɗinsa yana sa a ƙona. Labarin ya yi daidai da buƙatar mai wa'azi: uba ya kashe dukiya wajen bugawa, ɗa ya kashe dukiya wajen shafewa. Duk labarin da ya daidaita haka, ya kamata ɗalibin tarihi ya tambayi wanda ya fara ba da shi da wanda ya amfana da shi kafin ya ɗora hujja a kansa.

Sienkiewicz ya gaji wannan tsari ya ba shi sabon aiki. Ya rubuta Potop a lokacin da Rasha da Purusiya da Ostiriya suka raba ƙasar Polan tsakaninsu, kuma manufarsa ƙarfafa zukatan mutanen da suka rasa ƙasa. Labarin yana faruwa a 1655, lokacin mamayar Suwidin. Tauraron, Kmicic, matashi ne ɗan masu asali, mai zafin kai, wanda ya rantse a kan gicciye zai bi Janusz Radziwill, sarkin yaƙin Lituwaniya kuma mabiyin Calvin, ba tare da ya san cewa ubangidan nasa ya shirya miƙa ƙasar ga Suwidin a garin Kedainiai ba. Daga baya ya gane, ya ɓoye sunansa, ya je ya taimaka wajen kare gidan ibada na Jasna Gora, inda hoton Maryamu yake, ya wanke laifinsa da jininsa.

Adalci ne a faɗi cewa marubucin ya ɗora cin amanar Janusz a kan girman kai da kwaɗayin sarauta fiye da aƙida. To amma ginin labarin yana faɗin abin da bakin marubucin bai faɗa ba. Tafiyar Kmicic daga Kedainiai zuwa Jasna Gora tafiya ce daga fadar ɗan bidi'a zuwa ɗakin Maryamu, kuma ita ce tafiyarsa daga cin amana zuwa kishin ƙasa. Mai karatu yana rufe littafin da darasi guda: ɗan ƙasa na gaskiya ɗan Katolika ne. Fim ɗin da Jerzy Hoffman ya yi da labarin a 1974 ya ƙara kafa wannan hoto.

Tarihin 1655 bai yarda da wannan rabo ba. A watan Yuli na shekarar, tun kafin Kedainiai, rundunar yammacin Polan ta miƙa wuya ga Suwidin a Ujscie, kuma cikin jagororinta akwai Krzysztof Opalinski, gwamnan Poznan, ɗan Katolika. A watan Agusta askarawan Masko suka ci Vilnius, wato Janusz yana tsakanin abokan gaba 2 ba tare da taimako daga sarki ba. Takardar Kedainiai ta watan Oktoba ta samu sa hannun fiye da mutum 1000, ciki har da bishop na Katolika na lardin Samogitiya, Piotr Parczewski. Ana iya zargin Janusz da son kai, kuma mutanen zamaninsa sun zarge shi. Amma layin da ya raba masu sa hannu da masu ƙi bai bi layin ɗariƙa ba.

Babban aibin wannan karatu ga mai bincike shi ne yana mai da sakamako ya zama dalili. Da yake a ƙarshe Katolika ta yi rinjaye, sai a ɗauka cewa dama can ita ce gidan kowa, Furotesta kuwa yawon ƙuruciya ne na shekara 30. Mutumin 1565 bai san ƙarshen labarin ba. A idonsa, manyan majalisar Lituwaniya da yawa mabiya Calvin ne, kuma ba abin da ya nuna cewa haka ba za ta ɗore ba.

4. Karatu na biyu: lissafin riba

Littafin Tazbir ya yi aiki mai muhimmanci. Ya nuna cewa a zamanin da Faransa take cikin yaƙin addini, har aka yi kisan daren Saint-Barthélemy a 1572, masu asali na Polan da Lituwaniya sun ɗaure wa juna alkawarin kada a zub da jini saboda aƙida, kuma dalilinsu kare ƴancin ajinsu daga ikon sarki da na kotunan coci. Shi kansa bai ɓoye tarzomar birane da tsanantar dokoki a ƙarni na 17 ba. Matsalar ta taso ne daga yadda aka mai da sunan littafin kirari. Masu wannan hanya suna cewa: tunda ba a tilasta wa kowa da wuta ba, kuma aka koma Katolika, to dalili guda ya rage, wato sarki yana raba muƙamai da gonakin sarauta ga ƴan ɗariƙarsa, masu asali kuwa suka ga kiɗa ya sauya suka sauya rawa.

Akwai gaskiya a cikin wannan. A zamanin Sigismund na 3 yawan Furotesta a majalisar dattawa ya yi ta raguwa har ya kusan ƙarewa, kuma naɗi a hannun sarki yake. Amma in aka jera shekaru, bayanin ba ya ɗaukar manyan misalan da ake kawowa.

Na farko, Maraya ya sauya wajen 1567, bayan karatu a Strasbourg da Tübingen, garuruwan Furotesta, da tafiya Italiya. A lokacin Sigismund Ogustus ne ke mulki, ƴan Jezuwit ba su iso Vilnius ba, baffansa Mikolaj Ja ya gaji gwamnan Vilnius da waziranci. Yaro maraya mai neman muƙami a wannan shekara, amfaninsa yana wajen baffansa. Rayuwarsa ta baya ma ba ta yi kama da ta mai lissafi kawai ba: daga 1582 zuwa 1584 ya yi ziyarar Ƙudus da Masar don cika alwashin da ya ɗauka a kan rashin lafiya, aka buga labarin tafiyar da Latin a 1601, ya kuma zuba dukiya wajen gina kwalejin Jezuwit da coci a garinsa Nesvizh. Akwai kuma abin da ya gani a gidan ubansa. A ƙarshen rayuwar Baƙi, jama'ar Calvin ta dare a kan batun Triniti, kuma uban ya ba masu musunta mafaka, kamar likitan nan ɗan Italiya Giorgio Biandrata, har Calvin ya gargaɗe shi a kai. Matashin da ya girma cikin wannan gardama yana da dalilin neman cocin da ke magana da murya ɗaya.

Na biyu, Lew Sapieha. An haife shi Otodoks a 1557, ya zama mabiyin Calvin a ƙuruciyarsa, ya koma Katolika a 1586, ya zama babban waziri a 1589. In aka tsaya nan, misalin ya dace da bayanin riba. Sai dai ya riga ya zama mataimakin waziri a 1585 kafin ya sauya, kuma sauyin ya riga hawan Sigismund na 3. Bugu da ƙari, shi ne ya tsaya a kan buga kundin 1588 mai kare ƴancin ɗariƙu, sannan a 1599 ya auri ƴar Krzysztof Radziwill mai laƙabin Aradu, jagoran mabiya Calvin.

Na uku, kuma mafi nauyi, reshen Birzai na gidan Radziwill bai sauya ba har ya ƙare. Krzysztof na 2 ya zama mataimakin sarkin yaƙi a 1615, amma Sigismund na 3 bai ba shi kujera a majalisar dattawa ba. Sai a 1633, bayan rasuwar sarkin, ya zama gwamnan Vilnius. Wannan misali yana da kaifi 2. Ya tabbatar da cewa matsin muƙami gaskiya ne, tunda mutumin ya biya kuɗinsa shekara da shekaru. Ya kuma nuna cewa matsin bai isa ya bayyana komai ba, tunda wanda ya fi kowa sanin abin da yake asara ya ƙi sauyawa. Bayanin da ya ce wanda ya sauya riba ya bi, wanda ya tsaya ma wata riba ya hango, ba abin da zai iya ƙaryata shi, saboda haka ba abin da ya bayyana.

5. Abin da karatun 2 suka tsallake

Karatun 2 sun yi tarayya a kuskure guda: suna kallon mutum ɗaya shi da zuciyarsa, ko shi da aljihunsa. Amma mafi yawan masu asali ba su taɓa zama gaban sarki ba, ba su kuma bar mana labarin zuciyarsu ba. Abin da ya kewaye zaɓinsu ya kasu kamar haka.

Barance. Ƙaramin mai asali yana aro gona a ƙasar babban gida, yana yaƙi a rundunarsa, yana kai ɗansa fadarsa. Ubangida kuma yana da haƙƙin naɗa limamin cocin da ke ƙasarsa. Da Maraya ya sallami masu wa'azin Calvin daga Nesvizh, garin da Szymon Budny ya buga littafin koyar da aƙidar Furotesta cikin harshen Rutheniya a 1562, barorin yankin sun wayi gari ba su da wurin ibada sai na Katolika. Ba su tuba a dare ɗaya ba, ba su kuma sami muƙami ba. Jikokinsu ne aka tarar ƴan Katolika.

Makaranta. Kwalejojin Jezuwit ba sa karɓar kuɗin karatu, suna koyar da Latin da iya magana gaban taro, waɗanda su ne jarin mai asali a kotu da majalisa. Iyaye Furotesta da dama sun kai ƴaƴansu can. Krzysztof na 2 da ɗan'uwansa sun gane haɗarin, shi ya sa gidan ya kafa makarantu a Slutsk a 1617 da Kedainiai a 1625. Amma makarantar gida ɗaya ba ta iya gasa da ta ƙungiyar da ke da rassa daga Vilnius zuwa Polotsk.

Aure da gado. A 1600 wani Janusz Radziwill, mabiyin Calvin, ya auri Zofiya ta Slutsk, ƴar Otodoks, bayan rikici da masu riƙonta ƴan gidan Chodkiewicz, ƴan Katolika, wanda saura kaɗan ya zama yaƙi a titunan Vilnius. Abin da ake taƙaddama a kai dukiya ce da bashi. Janusz na Kedainiai ya auri ƴar Katolika da farko, sannan a 1645 ya auri ƴar sarkin Moldabiya, ƴar Otodoks. Littafin David Frick, Kith, Kin, and Neighbors (2013), ya bi gidajen Vilnius titi bayan titi a ƙarni na 17, ya nuna yadda aure da uban baftisma da maƙwabtaka ke ƙetare iyakokin ɗariƙu 5 na Kirista. Mutanensa ƴan birni ne, saboda haka ba a ɗaukar sakamakonsa kai tsaye a ɗora wa masu asali na karkara. Amma hanyarsa, ta bin wasiyya da takardun kotu, ita ce ta dace. Mutuwa ma ta yi nata aikin. Jan Kiszka, majiɓincin masu musun Triniti, ya rasu a 1592 ba ɗa. Bogusław ya bar ƴa guda, Ludwika Karolina, wadda ta kare cocin Calvin har rasuwarta a 1695. Inuwar ta gushe ne da ƙarewar zuriya, ba tare da wani ya ci gardamar aƙida ba.

Kotu da tarzoma. Rashin ƙona mutane bai hana matsi ba. Limaman Katolika sun yi ta kai ƙara don karɓo cocin da aka mayar na Furotesta da gonakinsu. Na Kedainiai ya koma hannunsu a 1627. An kai wa cocin Calvin na Vilnius hari a 1611. A 1639 aka zargi mabiya Calvin da harba kibau ga cocin Mika'ilu na mata masu zaman ibada, wanda Lew Sapieha ya gina, kuma a 1640 majalisar ƙasa ta yanke a fitar da cocinsu bayan ganuwar birni, alhali gwamnan birnin Krzysztof na 2 ne. Bayan dokar 1668 kuwa ƙofar ta zama ta shiga kawai. Duk ƙididdigar masu sauyawa bayan wannan shekara ƙididdigar hanya ɗaya ce, domin mai bin ɗayar hanyar ba zai bari a rubuta sunansa ba.

6. Kammalawa

Potop littafi ne mai ƙarfi, kuma shaida ce mai kyau a kan tunanin Polan na 1886. A kan 1655 kuwa ba a kafa hujja da shi. Littafin Tazbir yana nan da darajarsa, muddin an karanta abin da ke cikinsa ba a tsaya ga sunansa ba. Ga ɗalibin da zai yi aiki a kan sauya ɗariƙa, misalin Lituwaniya yana ba da sharuɗɗa 3. A sa shekara a kan kowane sauyi, domin komawa Katolika a 1567 da a 1610 da a 1670 abubuwa 3 ne dabam masu suna ɗaya. A tambayi wanda ya rubuta labarin sauyin da abin da yake so ya tabbatar da shi. Sannan a bi waɗanda suka tsaya kamar yadda ake bin waɗanda suka tafi, domin Krzysztof na 2 yana bayyana zamaninsa daidai da yadda Maraya yake bayyana shi.

Akwai kuma fagen da ya cancanci takarda ta musamman, wato harshe. Gasar ɗariƙu ce ta haifar da littattafan farko na harshen Lituwaniya: na Martynas Mazvydas, mabiyin Luther, a Königsberg a 1547, na Mikalojus Dauksa, limamin Katolika, a 1595 da 1599, da littafin ibada na mabiya Calvin da aka buga a Kedainiai a 1653. Manyan da suka biya kuɗin irin waɗannan ayyuka da harshen Polan suke magana a fadojinsu, littattafan kuwa don manoman ƙasarsu aka yi su, waɗanda yarjejeniyar 1573 ba ta ba su kariyar da ta ba iyayen gidansu ba. Yadda waɗannan manoma suka karɓi sauyin iyayen gidansu shi ne batun da ya kamata bincike na gaba ya fuskanta.